Burodi da cuku kawai 'yata take ci

Anti, don Allah ki taimaka min da shawara, kaina ya kulle. Ni mai gyaran firji ne. Matata ta rasu bara, ta bar min 'ya ɗaya, 'yar aji uku, ina kiranta Gimbiya. Tun rasuwar uwarta, yarinyar nan ta daina cin abincin rana. Kullum sai in yi sammako in dafa, yau shinkafa gobe taliya, ina kwaikwayon hannun uwarta, in zuba mata a kula. Da yamma kular ta dawo yadda ta tafi, ko cokalin ba a taɓa ba. Na lallashe ta, na yi faɗa, wallahi har kuka na yi a bayan shago. Rigar makarantarta ta koma tana yi mata yawa.

To, wata safiya gas ya ƙare tukunya tana kan wuta, ga motar makaranta tana ta hon a ƙofa. Na buɗe firji, ba komai sai cuku da tuffa ɗaya. Na yanka burodi, na shimfiɗa cukun, na yayyanka tuffar na jera, na rufe, na sallame ta ina jin kunyar kaina. Anti, kular nan ta dawo fes! Ko ɓurɓushi babu. A kujerar kicin na zube ina ta hamdala. Washegari da kanta ta miƙo min wuƙar. Yanzu wata rana tuffa, wata rana ayaba, kumatu sun fara dawowa, har tsokanata take wai yankana karkatacce ne.

Matsalar ita ce babbar yayata. Ta zo ta ga abin da nake sa mata, ta riƙe haɓa, ta ce wannan abin taɓawa ne ba abinci ba, kuma namiji ba zai iya riƙon 'ya mace ba, gara in ba ta ita. Yaya ce ta raine ni, ban taɓa yi mata musu ba. Amma in aka ɗauke yarinyar nan, wa zan dawo in tarar a gida? Ko dai cutar ta nake yi ban sani ba?

Baban Gimbiya

Baban Gimbiya, Allah Ya jiƙan mai ɗakinka. Kwantar da hankalinka, ba cutar ta kake yi ba. Burodi da cuku da 'ya'yan itace abinci ne, zai riƙe ta har a tashi daga makaranta, muddin tana cin dafaffe da yamma. A ganina ma ba girkinka ta ƙi ba. Ta buɗe kula a tsakiyar ƙawaye ta ji ƙamshi irin na girkin uwarta, wannan ne ya fi ƙarfinta. Burodin nan kuwa ba ya tuna mata da kowa, naku ne ku biyu.

Yaya kuma kada ka ga laifinta, ramar yarinya ta gani, tsoro ya kama ta. Ka roƙe ta ta riƙa zuwa ranar hutu tana koya muku girki, kai da Gimbiya. Akwai ranar da yarinyar za ta buƙaci goggonta, kuma ba ta da nisa. Amma ka gaya mata cikin ladabi cewa 'yarka tana nan wurinka. Ta rasa uwa bara, kada a raba ta da uba bana.

Sai ɗan gyara: ka sa cuku sama da ƙasa, tuffa a tsakiya, don kada burodin ya jiƙe, ka ɗiga mata lemon tsami don kada ta yi baƙi. Wani lokaci ka ƙara dafaffen ƙwai. Karkataccen yankan kuwa ka bar shi yadda yake, tunda yana sa ta dariya. Allah Ya raya maka ita, Ya sa kular nan ta ci gaba da dawowa fes.