Na Ba Shi Kujerar Gaba

Goggo, don Allah ki taimake ni, ko da da zagi ne. Wata biyu ke nan ina ɗauke da wani abu a ƙirjina, ko matata ban iya faɗa wa ba.

Ni ma'aikacin motar asibiti ne, irin waɗanda ake kira idan an yi haɗari. Shekarata tara a aikin. Ba yabon kai ba, sababbin ma'aikata ma da ni ake haɗa su, kuma abin da nake fara cusa musu shi ne, wanda ke ihu yana numfashi, a nemi wanda ya yi shiru. Na maimaita maganar nan har abokan aiki suka mayar da ita abin tsokanata.

Wata Talata da la'asar aka kira mu wani shataletale kusa da masu sayar da katako. Mota ta bugi babur. Wani kafinta ne ya goyo ƙanwarsa. Muka isa, daga ni sai direba. Ƙanwar tana kwance a kan kwalta, ƙashin ƙafarta ya huda fata, jini na zuba, tana ta kururuwa. Shi kuwa yana tsaye yana kakkaɓe wandonsa. Na tambaye shi lafiyarsa, amma ina tafiya nake tambayar, ko tsayawa ban yi ba. Ya ce shi garau yake, in ji da ita. Na durƙusa na tsayar da jinin, na ɗaure ƙafar, na yi mata komai yadda aka koya mana.

Shi ne ma ya kama mana gadon ɗaukar mara lafiya muka sa ta a mota. Goggo, hannunsa ya taɓa nawa a jikin ƙarfen gadon, na ji shi sanyi ƙalau, ga gumi yana tsattsafo masa a goshi. Sau biyu ya roƙi ruwan sha. Yana ta murza kafaɗarsa ta hagu. Ko wanda ya yi wata ɗaya a hannuna ya san abin da waɗannan ke nufi: jini na zuba a cikin ciki. Minti ɗaya ya ishe ni in kama wuyan hannunsa in ji bugun jininsa, in ɗaga rigarsa in taɓa cikin. Ban yi ba. Na ce ya shiga gaba kusa da direba, tunda bayan motar ya yi mana kaɗan, har ina ganin na kyauta masa.

Tafiyar minti ashirin da biyu ce. Da muka tsaya a ƙofar asibiti, direba ya leƙo ya ce mutumin ya yi barci. Ba barci ba ne. Saifarsa ce ta fashe. Aka ruga da shi ɗakin tiyata, bai fito da rai ba.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Da na zauna cike takardar rahoto, a gurbinsa na rubuta cewa ya ƙi yarda a duba shi. Bai ƙi ba, Goggo. Ni ne ban nema ba. Shugabanmu ya karanta, ya dafa kafaɗata ya ce ba laifina ba ne, ya sa hannu, magana ta mutu. Direba ya san gaskiya. Bai tona ni ba, sai dai ya daina yi mini wasa.

Ita kuma ƙanwar sau uku tana zuwa wurin aikinmu tana dogara sanda, tana yi mini godiya, tana kirana Yaya tunda ta rasa nata. Zuwanta na ƙarshe ta ce abu ɗaya ne ke hana ta sakewa, taurin kan yayanta da ya ƙi bari a duba shi, ta kasa yafe masa. Na ce mata ina zuwa, na shige banɗaki na kulle kaina har ta gaji ta tafi.

Yanzu ina kama hannun mara lafiya sai ƙirgar bugun jinin ta kwance mini, in sake, in sake. Na rubuta takardar ajiye aiki, tana aljihun rigata. In na faɗi gaskiya ƙila su kore ni, sunan da na yi shekara tara ina nema ya zube, ga yara uku. In na tafi shiru, bawan Allah nan ya ci gaba da ɗaukar laifina yana cikin kabari. Wallahi ban ga hanya ba, na tsani kaina. Me zan yi?

Wanda ya kasa haɗa ido da kowa

Amsar Goggo

Ɗana, ba zan zage ka ba, ka riga ka yi wa kanka wanda ya isa. Amma ka haɗa abu biyu wuri ɗaya, bari mu raba su.

Na farko shi ne abin da ya faru a kan titi. Ka yi kuskure, ba zan ce maka a'a ba. Sai dai kai kaɗai ne a kan mutum biyu, ɗaya jininta na zuba a gaban idonka, ɗaya yana tsaye da ƙafarsa yana ce maka lafiya lau. Na tambayi wata ƙawata da ta tsufa a ɗakin masu haɗari, ta ce jinin ciki ya sha yaudarar waɗanda suka fi ka daɗewa. Ko da ka duba shi zai rayu? Ƙila ya rayu, ƙila a'a. Ba ka sani ba, ni ma ban sani ba, kuma da wannan rashin sanin za ka koyi zama.

Na biyu shi ne layin da ka rubuta. Wannan ba a cikin ruɗani ka yi shi ba, a zaune ka yi shi da biro a hannu. Shi ne ke hana ka ƙirga, kuma shi kaɗai ne har yanzu ke gyaruwa. Ajiye aiki ba zai goge shi ba, sai dai ka tafi da shi gida.

Saboda haka ka fara da matarka, ka faɗa mata komai, don abin da zai biyo baya ya shafe ta. Sannan ka je wa shugabanka da gyara a rubuce, yadda ka rubuto mini, ba ƙari ba ragi. Ba zan yi maka alkawarin ba za a hukunta ka ba. Za a iya dakatar da kai, za a iya fin haka. Amma wanda ya kawo kansa ba ɗaya yake da wanda aka tono ba. Ka kuma nemi a ɗan sauke ka daga fita aiki, ka ga likitan da ke kula da damuwa, don wanda ƙirga ke kwance masa haɗari ne ga mara lafiya na gaba.

Ita ƙanwar, godiyarta ba ta ƙarya ba ce, kai ka ceci ranta. Amma tana da haƙƙin sanin cewa yayanta bai yi taurin kai ba. Kada ka tare ta a bakin ƙofa ka juye mata don ka ji sauƙi. A zauna da ita da wani babba nata, shugabanka yana wurin. Tana iya daina kiranka Yaya. Ka haƙura, ka mayar mata da nata yayan.

Ka je gobe da safe, kafin zuciyarka ta samo maka dalilin jira. Allah Ya ji ƙan kafintan, Ya ba ƙanwarsa lafiya da dangana, kai kuma Ya ba ka ƙarfin ƙwanƙwasa ƙofar ofishin nan.