Na Sasanta Masu Wifi

Asabar, 6 ga Satumba 2025

Ke Ummul Kulsum, na san ke ce kika buɗe. Rufe ki mayar ƙasan akwati inda kika ɗauko shi. In kuma wani ne, ya sani mai karanta abin da ba a rubuta masa ba daidai yake da mai leƙe ta katanga, kuma ban yafe ba.

Yau ta Arlit ta kira. 'Yata ta fari, wadda ba na kiran sunanta. Cikinta ya shiga wata na takwas, likita ya hana ta hanya saboda hawan jini, don haka ba za ta zo gida wankan jego ba. Ni ma gwiwata ba za ta kai ni can ba. Haihuwar fari a bariki, ba uwa ba gwaggo. Wata maƙwabciyarsu, Indo, ta ce za ta yi mata jego. Ban san Indo ba. Na dai san tsofaffin da ke zuba wa mai jego ruwa yana tafasa, su cika mata kunu da kanwa har ƙafa ta kumbura. Na yi kolej, na ji abin da likitoci suka ce kanwa mai yawa ke yi wa zuciya. Muna cikin maganar rezo ya ɗauke, layin ya katse.

Talata, 9 ga Satumba

Ummul Kulsum ta ce akwai kiran da ake ganin fuska. Na san da shi, shi ya lalata rabin 'yan matan unguwar nan. Forfen kamfanin waya, wato datar da muka saya ta jika guda, bai kai mu ko'ina ba, hoton yana tsayawa da bakin mutum a buɗe kamar mai hamma.

Lahadi, 14 ga Satumba

Yaran nan biyu masu sayar da wifi. Mahamadu ɗan wan mai gidana Malam, butik ɗinsa, shagonsa ke nan, na gabas da mu. Garbai ɗan ƙawata marigayiya, nasa na yamma. Kowa ya kafa farin faranti mai kallon sama a kan rufi, yana sayar da 'yar takarda mai lamba, tike. Wifin duka biyun yana kaiwa zaurenmu, amma ba ya shiga tsakar gida.

Tare suka tashi, a kwano ɗaya na sha zuba musu tuwo. Yanzu ba sa gaisawa. Mahamadu ya fara da dala arba'in a wuni, Garbai ya zo ya ce talatin, Mahamadu ya sauko ashirin da biyar, Garbai ya rubuta ashirin da gawayi a bangonsa, ya ƙara da cajin waya kyauta. Samari sai kaiwa da komowa suke kamar awaki tsakanin rijiya biyu.

Na sa aka sayo na Garbai. Na ga fuskar ta Arlit sarai, har da tabon goshinta. Ta rame a wuya. Ban daɗe ina kallo ba, na miƙa wa ƙanwarta Ummul Kulsum.

Juma'a, 19 ga Satumba

Malam ya dawo masallaci ya ce Mahamadu ya canja sahu don kada kafaɗarsa ta taɓa ta Garbai. A ɗakin Allah. Saboda dala biyar.

Wannan gaba ce, kuma gaba haramun ce. Uwar Garbai ta bar mini amanarsa.

Litinin, 22 ga Satumba

Na gaya wa Malam zan kira su in sasanta su. Yana gyara igiyar guga zai tafi lambu a kwari, bai ko ɗago ba. Ya ce, "Ki sasanta gaisuwa, kada ki taɓa kasuwa. Na ga irinta a wajen dillalan albasa. Shekarar da suka shirya, mu manoma muka sha wuya." Na ce masa ba komai ne albasa ba.

An kai kanwa da yaji tasha, direban Agadez zai miƙa. Kanwar na auna ta da kaina, kaɗan, na ƙulla kowane ƙulli daban don kada a yi mini ganganci.

Juma'a, 26 ga Satumba

Alhamdu lillahi. Sun zo bayan la'asar, kowa ya zauna a nasa gefen tabarma. Na yi musu faɗa sosai. Na tuna musu ranar da suka saci dabinon Malam tare, aka yi musu bulala tare. Garbai ya ce, "Inna, shi fa ya ce wa mutane farantina na jabu ne." Mahamadu ya ce, "Kai kuma ka ce nawa sai an hau bishiya yake kamawa." Na ce duk ku yi mini shiru. Arziki na Allah ne, ku haɗa kai, ku riƙa shawara da juna, kada wani ya karya wani. Suka yi musafaha. Garbai har da hawaye.

Na kwana da farin ciki. Na ji na yi wa ƙawata abin da ya kamata.

Laraba, 1 ga Oktoba

An goge gawayin bangon Garbai. Babu tiken wuni kuma, a wajensa ko a wajen Mahamadu. Sai na awa, dala ashirin kowace awa, rubutu iri ɗaya da fenti iri ɗaya a butik biyu. Cajin waya ma yanzu da kuɗi.

Malam ya kalle ni, ya ɗauki gugansa ya wuce lambu. Da ya yi magana ma da ya fi.

Juma'a, 3 ga Oktoba

Na aika a kira Mahamadu. Ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi, abin da ya ƙara ba ni haushi. Na ce wannan wane irin zalunci ne. Ya ce, "Inna, ai ke kika ce mu riƙa shawara. Mun yi shawarar. Da faɗuwa muke yi, kuɗin wata na farantin ma da ƙyar yake fita." Ya ce ni dai zai riƙa ba ni awa guda kyauta. Na ƙi. Ba zan ci abin da aka matse daga 'ya'yan mutane ba, kuma ba na son a ce da bakina aka sayi shirun.

Wataƙila da gaske faɗuwa suke yi a dala ashirin. Amma tsakanin faɗuwa da yanka mutane akwai wuri mai faɗi.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Matan unguwa sun ji cewa ni na haɗa su. A wajen famfo wata ta ce, "Sannu da aikin lada, Maman Ummu." Na gane.

Laraba, 8 ga Oktoba

Ta sauka lafiya da hantsi. Mace. Mijinta Idirisa ne ya kira Malam. Na shiga ɗaki na yi sujada, ban bari yara sun gani ba.

Juma'a, 10 ga Oktoba

An sallame su, an fara wanka. Safe da yamma nake son in gani: ruwan kafin a shiga da shi, kanwar kafin a jefa a kunu, da ƙafafunta bayan an gama. Ba a kai waya makewayi, wannan na faɗa tun farko. To amma tukunya ba ta san awa ba. Sai mu sayi tike, itace ya ƙi kamawa a can, kafin ruwa ya yi zafi lokaci ya ƙare. Yau da yamma Indo ta ɗaga ƙullin kanwa biyu tana cewa, "Hajiya, ɗaya ai ba ya jin..." hoton ya mutu. Na tura Ummul Kulsum da gudu ta sayo wani. Kafin ta dawo an dama, an sha.

Biyu ta sa. Ba muguwa ba ce, haka aka yi mata ita ma.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Ƙafar mai jego ta hagu ta ɗan tasa. Na sa ta danna da yatsa a gaban wayar, wurin ya lotsa, ya jima bai dawo ba. Na ce wa Idirisa ya mayar da ita likita gobe, a dakatar da kanwa gaba ɗaya. Indo ta ji haushi, na ji muryarta daga baya tana cewa uwar da ba ta zo ba ita ce mai yawan doka.

Gaskiya ta faɗa. Ban ci tuwon dare ba.

Kuɗin cefane ya fara tafiya wajen tike. Malam ya sayar da buhun dabinon da ya ajiye don suna.

Litinin, 13 ga Oktoba

Likita ya ba ta magani, ya ce an zo da wuri. Ya ce wanka da ruwa mai ɗumi ba laifi, kanwa kuwa a bari.

Kellu ta shigo da azahar. Bazawarar nan Babarbariya mai sayar da ƙanƙara a gangaren bayanmu. Ɗanta ya kawo mata faranti daga Zinder tun watan jiya, tana da pano mai ɗaukar hasken rana da batir saboda firjinta, amma gidanta a rami yake, wifinta ba ya wuce katangarta. Ta ce, "Yaya, rufin soronki ya fi na kowa tsawo a tudun nan. Sanda ɗaya kawai za a kafa, da ɗan akwati, wifina ya game unguwa." Mahamadu da Garbai duk sun taɓa roƙona wannan bara, na kore su, na ce gidana ba zai zama hasumiyar shaiɗan ba.

Na tambaye ta nawa za ta sayar. Ta ce tiken mako, dala ɗari, ba ƙidayar awa. Na ce in yaran nan suka zo miki da maganar shawara fa? Ta yi dariya ta ce, "Ni da ko kuɗin ƙanƙara ba na shawara da kowa."

Na ce sai na tambayi mai gidan.

Talata, 14 ga Oktoba

Malam ya ce, "Hasumiyar me kika ce bara?" Na ce ya amsa abin da aka tambaye shi. Ya yarda.

Laraba, 15 ga Oktoba

Suna. Halima aka sa mata, sunan uwar Garbai ke nan, ban san Idirisa ya sani ba ko dacewa ce. An kafa sandar da safe. Wifi har cikin ɗakina, har madafa. Na jingina wayar da turmi, na ga an yanka rago, na ga an yi wa jaririya aski, babu wanda ya ce lokaci ya ƙare. Na biya Kellu kuɗin tikena kamar kowa, ko da ta so ta hana.

Na roƙi Indo gafara a gaban mata. Ta ce ba komai. Ta nuna mini ruwan, ta tsoma gwiwar hannunta a ciki don in gani.

Asabar, 18 ga Oktoba

Garbai ya dawo da tiken wuni, dala ashirin da biyar. Da yamma Mahamadu ya goge fentinsa.

Talata, 21 ga Oktoba

Sun zo tare, su biyu, wai ƙorafi. Mahamadu ya ce, "Inna, kin ba bare rufi kin hana ɗanki." Na ce Kellu ta shekara ashirin a unguwar nan, wa ya fi ta zama ɗan gida. Garbai ya ce yanzu dole kowa ya yi ta kansa. Na ce to ku yi. Na tambaye su ko suna gaisawa, suka ce suna yi. Ko suna tsayawa sahu ɗaya, suka ce e. Na ce iyakar abin da na nema ke nan, sauran ku kuka ƙara. Na zuba musu tuwo a kwano ɗaya, suka cinye suna gardama a kan wanda nasa ya fi gudu.

Kamfanin waya ma ya turo saƙo wai ya rage forfe. Duk sun iya ragewa ashe.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Kumburin ya tafi duka. Ta yi ƙiba a kumatu.

Samari sun fara zama a gindin katangata saboda nan ya fi kamawa. Na sa an gaya musu daga kiran magariba ban son ganin kowa. Kellu ta ce tana iya kashe sandar daga gidanta in lokacin salla ya yi. Na ce ta yi. Ba mu rasa mai saye ko ɗaya ba. Na ce "mu", ita nake nufi.

Litinin, 17 ga Nuwamba

An yi arba'in. Ta yi kitso da lalle, ta ɗaura zanen da na aika. Indo ta kife tukunyar wanka ta ce ta sauke nauyi, na ce Allah ya biya ta, kuma da zuciya ɗaya na faɗa.

Aikin da na sayi tike dominsa ya ƙare. Ummul Kulsum ta tambaya ko a bar sabuntawa. Na ce a sabunta, saboda jaririya, kada a yi mata wauta wajen goyo. Ta tafi lekol karatu ta bar mini wayar. Da hantsi ta yi ƙara, sunan ta Arlit ya fito a rubuce, ba kowa a gidan. Na danna koren maɓallin da kaina. Ba wata magana ba ce, tana shanya ne tana ba ni labarin tsadar tumatir a Arlit. Na kalle ta har ta gama shanyar. Huda, 'yata ta fari, ta yi kama da ni a goshi, ban taɓa tsayawa na lura ba.

Da daddare kafin a watse daga cin abinci na kafa doka, kuma na rubuta ta nan don kada a ce ban faɗa ba. Waya ba ta shiga makewayi, ba ta zama kusa da kwanon tuwo, daga magariba tana cikin akwatina. Duk wanda aka ga yana gaba da ɗan'uwansa a unguwar nan, a gaya mini in kira shi. Amma in masu sayar da abu ne suke karya wa juna farashi, a gaishe su duka biyun, a tambayi lafiyar iyali, a sayi mai araha a dawo gida.