Farin yadin Tabita

Baban Tabita,

Na tafi Barmu, motar na shirin tashi, ban iya jiran dawowarka daga kasuwa ba.

Inna Zahara maƙwabciyarmu ta rasu. Da hantsi na kai mata kunu, na tarar da ita kwance a bakin randa, randar kuma babu ko ɗigon ruwa. Hasiya mai wankan gawa ta ce ta kwana biyu ba ta iya tashi. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, amma kwana ukku ban leƙa ta ba, ina majami'a muna koyon waƙoƙin ranar baftisma.

Liman ya tambayi likkafani, ba wanda ke da shi. Sai na shigo na ɗauko farin yadin da muka aje don rigar baftismar Tabita na ba su. Da shi aka rufe ta. Ban shawarce ka ba, ka yi haƙuri, amma kar ka ce mani in jira ka, gawa ba ta jira.

Ƙanwar Inna Zahara makauniya ce, a Barmu take, ba ta da waya. Ba zan bari ta ji a bakin ƴan tasha ba. Zan kwana wurinta.

In Tabita ta dawo daga karatu a lakwal, kai ka gaya mata, ni na kasa. Ranar Lahadi ta shiga ruwa da tsohon zanenta, Yesu ba yadi zai duba ba. Kwana ukkun nan ne ban san abin da zan ce mashi ba.

Jummai