Sun Raba Littafinka Kamar Goro, Baba

Zuwa ga mahaifina, Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar 'ya ga uba, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Ƙara na kawo maka, Baba, ƙarar 'ya'yanka ce, har da ni a ciki.

Makon jiya na hau jirgin ƙasa daga Manchester zuwa Birmingham, aka shigar da mu, ni da wasu maziyarta, ɗakin ajiyar tsofaffin littattafai na wata jami'a. Sai da muka wanke hannu, aka karɓe mana biro, sannan wata Baturiya ta fito da wani rubutun hannu, ta kwantar da shi a kan matashi kamar jariri. Ta ba mu labarin ɗakunan karatun da suka fi kowanne daɗewa a duniya, irin na birnin Fas, da na gidajen malaman Timbuktu, inda iyali ke riƙe littafi ɗaya kaka da kakanni. Kowa yana jinjina kai, ni kuwa sai na tuna littafinka, kunya da haushi suka kama ni.

Ka san littafin da nake nufi, tarihin garinmu da na gidanmu da ka yi shekaru kana rubutawa da ajami. Ba ka ɗinke shi ba, fallaye ne a cikin gafaka, yadda malamai suka saba.

Bayan sadakar arba'in ɗinka, ƙaninka Kawu Isa ya zazzage gafakar a kan tabarma, ya ce kowa ya samu tabarruki. Ya dinga miƙawa, kowane zagaye namiji falle biyu, mace ɗaya. Wai adalci ke nan! Gona ce? Babu wanda ya tsaya ya karanta ko layi ɗaya. Ni mai karatun boko, mai baki kamar reza, na miƙa hannu biyu na karɓa, har da godiya.

Da na dawo daga Birmingham na bi 'yan'uwana ɗaya bayan ɗaya a waya, na roƙe su mu haɗa shi. Yaya Sani ya ce gara ta riga ni. Hadiza ba ta ma tuna akwatin da ta saka nata ba. Su karanta wannan su ji haushina, ban damu ba.

Kai ma ina da fushi da kai, Baba. Ka yi wasiyya a kan gida da rijiya, me ya hana ka ce kada a taɓa gafakar?

Nawa suna nan a ɗakina na unguwar Levenshulme a Manchester, na naɗe su a ɗankwali saboda danshin garin nan. A fallena na ƙarshe ka fara faɗin abin da ya fito da kakanmu daga Borno, labarin da kullum kake cewa, “Bari ki girma, Binta, ki karanta da kanki.” Na girma, Baba. Na gano ci gabansa a hannun Yaya Musa ya faɗa. Ya kai wa baduku ya ɗinke shi laya, yanzu yana rataye a wuyan ɗansa, ya kuma rantse ba za a farke ba.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya karɓi wahalar da ka sha. Ka yafe mini hannun nan da na miƙa.

'Yarka,
Binta