Na Hau Mota Har Mamudo

Yaya Bukar,

Assalamu alaikum. Jiya da hantsi na hau mota. Daga tashar Potiskum zuwa Mamudo ne kawai, kuma da ƙafa na dawo, amma dai na hau. Rabona da mota tun ranar da babbar motar nan ta kife da mu kusa da Damagum, ni na tashi, kai ba ka tashi ba.

Na san ba za ka karanta wannan ba. Abin bai dame ni sosai ba, don kana da rai ma ba ka taɓa karanta rubutuna ba. Duk shekarun da na yi ina aika wa jarida labari, yabon da na samu daga bakinka shi ne takardar tana riƙe man tsire.

Mutanen gida suna lafiya. Gwamnati ta mai da tuƙi hannun dama. Rabin direbobin tasha sun yarda, sauran suna nazari. Babban labari shi ne ɗanka Kyari sun daidaita da wata yarinya a Gadaka. Iyayenta sun ce ba sa karɓar ɗan aike, sai ƙanin uba ya zo da kansa ya zauna a tabarmarsu ya nema. Ƙanin uban kuwa ni ne. Na ce zan je a kan jaki. Kyari ya ce don Allah Baffa in rufa masa asiri, akwai wani malamin makaranta mai babur da ke zagaya gidan, in aka gan ni a kan jaki magana ta ƙare.

Ba ka san yadda na koma ba. Ko daga nesa na ji kukan mota sai in tsinci kaina a zaure ban san lokacin da na shiga ba. Aikin jarida ma na ajiye. Wakilin da ba ya hawa mota, labarin wa zai kawo in ba na maƙwabtansa ba?

Malam Audu, malamin asibitin nan da ya ɗinke mini goshi, shi ya ce ba ƙwaya nake bukata ba. Wai in sayi littafin 'yan makaranta, kullum da safe in rubuta abin da nake ji. Na yi masa dariya a zuci. Ni za a koya wa rubutu?

Na cika shafuka na kai masa. Na farkon ya ce wani mutum mazaunin garin nan ya farka cikin gumi, ba a samu asarar dukiya ba. A wani shafin na rubuta cewa mutumin ya ji tsoro, sai na soke, tunda ba ni da shaida na biyu. Malam Audu ya gyara tabarau ya karanta har ƙarshe, sannan ya tambaye ni ko wannan bawan Allah zai samu dama ya zo asibiti da kansa, don shi ba ya duba mara lafiya ta hannun wakili. Ya ce in koma in rubuta da "ni", kuma in na sake soke wani abu zai kira matata Falmata ta zauna a kaina.

Yaya, ka san ba a koya mana haka ba. Ɗan jarida ba ya shiga labarinsa. Na yi kwanaki ina kallon farar takarda kamar mai jiran hukunci. Da na fara, sai ranar haɗarin ta dawo mini filla-filla. Muna bayan mota a kan buhunan gyaɗa. Salatinka na ji shi da kunnena, ko a gaban alƙali zan faɗa. Amma kafin salatin, rigima kake yi da ragon wani Bafulatani da ya taka maka ƙafa. Kana ce masa mara tarbiyya, kana tambayarsa gidan uban wa aka yaye shi. Mai ragon yana ba ka haƙuri da Fulatanci, kai kana ce masa ba da shi kake ba.

Da na rubuta wannan sai dariya ta ƙwace mini, irin wadda ban yi ba tun rasuwarka. Daga dariyar na zarce da kuka. Falmata ta leƙo ta ga ƙato yana yin biyun a haɗe, ta ruga ta kawo garwashi da hayaƙin aljanu. Na sha hayaƙin ban yi musu ba.

Tun daga ranar nake rubutawa kullum, kuma da kaina nake shiga ciki. Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Duk motar da muka shiga tare, ban taɓa duba direba ko taya ba, saboda kana ciki. Ashe shekara da shekaru surutunka nake hawa. Wa zai zagi rago a hanyar Gadaka?

Jiya a hanyar Mamudo na riƙe ƙarfen motar har yatsuna suka sandare, ina lissafa abin da zan rubuta in na sauka da rai. Wata tsohuwa mai tallan daddawa ta ce mini ɗana, in amai ne ka juya can. Ban yi ba. Wannan ma na rubuta, da sunana.

Ranar Asabar za mu tafi. Kyari ya kama mini kujerar gaba, na ɗauko babbar rigarka ta zuwa biki, an rage mata wuya. Zan zauna a tabarmar mutanen nan in nema wa ɗanka aure in Allah ya so.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka. Direban da zai kai mu ya ce an gyara masa birki shekaranjiya. Har yanzu ban samu makanikin da zai tabbatar ba.

Ƙaninka,
Mamman