Tsagar Baba a Jikin Kuliba

Longreach,
2 ga Mayu, 1997.

Zuwa ga ƙanena Clarrie,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da shanun da ka fi so fiye da 'yar'uwarka. Jibi za mu tashi. Mu arba'in da uku ne, kowa da kekensa mai kaurin taya, kwana goma sha takwas cikin daji, don tara wa likitocin da ke kai ɗauki da jirgin sama kuɗin taimako. Ka daina dariya, ina jin ka daga nan. Na sani shekarata hamsin da takwas, gwiwata ta hagu kuma ba ta manta ba. Amma ba don jirgin nan ba, da ranar da doki ya tattake ka mun binne ka a bayan garke. An haɗa ni tanti da wata Thelma, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, bakinta ba ya hutawa sai tana tauna.

An ce an tafka ruwa a arewa wata guda da ya wuce, kogi yana gangarowa. Ka ji labari? Ka rubuto ta jirgin wasiƙu, zai same mu a zango.

Yayarka,
Glenys.

Gonar Kullara,
8 ga Mayu.

Yaya Glenys,

Na gaishe ki. Tsufa ya zo wa wasu da hankali, ke ya zo miki da keke.

Zancen ruwa na ji shi a rediyo. Sau uku cikin shekara bakwai ina jin irinsa, kullum ya iso mararrabar kogin sai ya bi gabas, rafinmu na yamma ko jiƙa bai yi. Na gaji. Madatsa ta ƙafe, rijiya ɗaya ta rage, ita ma gishiri-gishiri. Na kira motoci, ranar ashirin ga wata za su kwashe sauran shanun, ɗari da tamanin, har da jikokin jar saniyar Mama. Daga nan Kullara ta zama tarihi. Hanyar mararraba ta yanke, mota ba ta shiga, don haka ba wanda zai gaya min abin da ban sani ba. Kada ki yi min wa'azi. Ki shafa wa gwiwar mai.

Naki,
Clarrie.

Zango na goma sha ɗaya,
15 ga Mayu.

Ƙanena,

Ina gaishe ka. Na sa an buga maka saƙo ta rediyo cewa ruwa yana tafe, aka ce ka amsa da cewa rana ta taɓa min kai. To zauna ka karanta.

Kana goye lokacin, ba za ka tuna ba. Shekarar babban ruwa Baba ya ɗauke ni a doki zuwa mararraba, ya tsaga jikin wata tsohuwar bishiyar kuliba da gatari, daidai ƙirjinsa. Ya ce, “Glen, duk ranar da ruwa ya taɓa nan, je ki gida ki kwashe shanya, yana tafe.” Ban taɓa gaya maka ba, don ni ma na manta, sai da wasiƙarka ta sa ni kuka a bayan motar kaya.

Jiya ranar hutunmu ce. Daga zango zuwa mararraba kilomita talatin. Na ce da Thelma zan je. Ta ce, “Ke, mahaukaciya ce? Mota ma ta kasa.” Na ce mota ba a saɓa ta a kafaɗa. Ta dube ni, ta cusa biskit a aljihu ta ce, “Mu je, in kin faɗi gara a ce akwai mai shaida.”

Muka bi cikin rafinmu muna haurawa, ƙasa a tsattsage, ƙudaje har cikin hanci. Wajen ƙarfe goma Thelma ta ja birki ta ce, “Wa ke soya abu?” Wata ƙara ce siririya, kamar mai a kasko. Sama tas, ko gajimare ɗaya babu. Sai ga shi ya karyo kwana.

Clarrie, na ga kan ruwa. Bai fi tafin hannu zurfi ba, yana ture kara da kumfa da busasshen kashin shanu a gabansa, yana tafiya irin ta tsohon da ba mai jiransa. Duk tsagar da ya tarar sai ya tsaya ya cika ta, tana huci, sannan ya wuce. Na sauka na tura kekena ina tafiya tare da shi, har ina rage sauri don kada in bar shi a baya. Ruwan da ya sauka tun muna bikin Ista, a ƙasar da ban taɓa takawa ba, shi ne ya zo ya taɓa min takalmi. Tsoro ya kama ni, irin na coci.  Bayan ruwan kuwa kwaɗi suna fitowa daga cikin ƙasar da shekara bakwai ba ta ga ɗigo ba. Ina suka kwana duk wannan lokaci? Can sama ga tsuntsayen kwasa-kwasa jere, sun baro teku sun biyo shi, ban san wa ya aika musu ba.

Na san abin da za ka ce: ɗan wannan yashi zai shanye kafin ya yi rabin hanya. Shi ya sa muka hau tudun yashi, muna tuƙawa muna saɓawa, har mararraba. Can babu gabas babu yamma, ruwa ne ja iyakar ganin ido. Kulibar tana nan. Na kutsa har ƙugu, Thelma tana ihu, “In kin nutse ni zan ci rabon biskit ɗinki!” Na lalubo tsagar, ta toshe ta yi baƙi, saura yatsa uku ruwa ya kai. Na rungume bishiyar na tsaya. Da rana ta karkata, na ji sanyi ya haye kan yatsana a cikin tsagar.

Na auna tafiyarsa yadda Baba ke yi, da taki da agogo. Kwana tara zai iso ka, wato ashirin da uku. Motocinka ashirin za su zo. Kwana uku kawai nake roƙo. Ban taɓa sa baki a harkar gonar ba tun da na bar maka ita, yau na sa.

Yayarka mai ƙaunarka,
Glenys.

Gonar Kullara,
26 ga Mayu.

Yaya,

Gaisuwa. Na mayar da motoci wayam, direbobi suna zagina. Ran ashirin da uku na zauna a bakin rafi tun safe, ba komai. Washegari ma haka, muka rasa shanu biyu, na kira sunanki ba da alheri ba.

Jiya da hantsi shanun suka ɗaga kai gaba ɗaya, suka nufi arewa. Na bi su da ƙafa, sai ga ruwan yana gangarowa cikin rafinmu. Na cire hula, ban san lokacin da na cire ba.

Kin ce kwana tara, ya yi goma sha ɗaya. Dama lissafi bai taɓa zama abinki ba. In kun gama, ki zo ki nuna min bishiyar. Ki taho da keken, ki aro min na Thelma.

Ƙanenki,
Clarrie.