Zaren da Na Cire wa Aminina

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaida mai kula da wannan shafi da duk masu karatu, da fatan kowa yana lafiya. Ina roƙon a sakaya sunana, kuma duk wanda zai yi sharhi don Allah ya karanta har ƙarshe kafin ya yanke mini hukunci. Na san ina da laifi, ba wanke kaina na zo yi ba. Shawara nake nema, kuma kafin ranar Asabar nake buƙatarta.

Ni mutumin Dutsin-Ma ne, shekaruna arba'in da takwas. Na daɗe ina karanta labarai da sanarwa a gidan rediyo kafin in dawo gida, shi ya sa duk taron da za a yi a unguwarmu ni ake miƙa wa lasifika. Ba ni da dukiya, ba ni da sarauta. Abin da nake da shi ɗaya ne: idan na faɗi magana, mutane suna ɗauka haka take. Shekara uku da suka wuce likita ya ce jinina ya hau, ya ce in riƙa motsa jiki. Na fara da tafiya, daga baya na koma gudu. Wanda ya tsaya mini a kan haka aminina ne, bari in kira shi Malam Sabi'u, ba sunansa ba ne. Malamin firamare ne a Kurfi, tare muka yi makarantar kwana, har ɗansa na uku sunana ya ci. Kowace Asabar yana idar da sallar asuba zai hau babur ya zo, mu yi gudunmu, mu dawo mu sha koko da ƙosai a zaurena. Har riguna kore iri ɗaya muka ɗinka a wurin tela ɗaya, mutane suna yi mana tsiya wai tagwayen tsufa.

A garinmu akwai wata ƙungiyar matasa da ke shirya gudun famfalaki duk shekara bayan an gama girbin gero. Ba wata babbar gasa ba ce. Ana tashi daga gari, a bi hanyar Kurfi har zuwa wata tsamiya da ke bakin titi, a kewaye ta a dawo. Mutane kan zo daga Kurfi da Birchi da Tamawa da Dabawa, 'yan banga suna bin hanya a kan babura. Akwai rukunin samari, akwai rukunin waɗanda suka haura arba'in, wato namu. A gindin tsamiyar ba a rubuta sunan kowa. Wani dattijo mai ɗinkin hula ne ke zaune da zaruruwa da ya riga ya ƙulla kamar awarwaro, duk wanda ya iso ya miƙa hannu a zura masa ɗaya. Ba wanda ke sanin launin zaren sai ranar, don kada wani ya saya a kasuwa ya ɓoye a aljihu. Idan ka dawo gari da zare a hannu, ka je tsamiya. Idan babu, ba ka je ba. Dokar ke nan, ba a ƙara mata komai.

Bara zaren ja ne. Ranar jikina ya ba ni haɗin kai yadda bai taɓa ba. Tun da muka fita gari na waiwaya ban ga Sabi'u ba, na ce a raina yana tafe. Ni ne na farko a rukuninmu da ya kewaye tsamiya. Wanda ke biye da ni wani makiyayi ne daga wajen Tamawa, bari in kira shi Malam Buba, siriri, ya girme ni, takalmin roba ne a ƙafarsa. Ina jin takunsa a bayana, bai ƙara sauri, bai ragewa. A hanyar dawowa ne, da tazara mai yawa daga tsamiyar, na hango koriyar riga a kan wata kwalbati. Sabi'u ne zaune ya riƙe sha-raɓarsa, jijiya ta ɗaure masa. Na tsaya. Malam Buba ya wuce mu. Na durƙusa ina murza masa ƙafar, sai ya kama hannuna ya ce, "Ɗan'uwa, ba zan iya kaiwa tsamiya ba. Ɗalibaina suna can bakin layi da kwali an rubuta sunana, takwaranka ma yana can. Ka ba ni zaren nan in dai shiga gari da shi, a ba ni satifiket kamar kowa." Na ce, "Ni fa?" Ya ce, "Haba, kai wa zai ƙaryata ka a Dutsin-Ma? Ka ce tsinkewa ya yi. Tafiya kawai za mu yi, ni da kai, ko na ƙarshe muka zo ba komai."

Ban yi gardama ba. Wannan nake so masu karatu su riƙe: bai tilasta mini ba, bai ƙwace ba. Da hannuna na dama na zare shi daga na hagu na zura masa. Me nake tunani a lokacin? Ina tunanin mutumin da ya kwana uku a asibiti lokacin jinyar mahaifina. Ina tunanin yaro ɗan shekara tara da ke jiran babansa. Na ɗauka takarda ce kawai za ta shiga hannun wanda bai cancanta ba, kuma ba za ta rage wa kowa komai ba.

Muka fara tafiya. Ba mu yi nisa ba ya ce, "Kai, ka ga ƙafar ta saki." Ya fara sassarfa, na bi shi. Sai ya ƙara. Mutum ne da ya huta, kuma bai yi tazarar da muka yi ba, ni kuwa jikina ya riga ya yi sanyi. Na kira shi sau biyu, "Sabi'u! Sabi'u!" Bai waiwayo ba. Ina kallon koriyar rigar tana ƙanƙancewa har ta ɓace mini. Daga baya na ji cewa dab da shiga gari ya cim ma Malam Buba ya wuce shi. Shi ya zo na ɗaya, Malam Buba na biyu. Ni na shigo na biyar, hannuna babu komai.

Shugaban kwamitin gasar, wani Alhaji da ke ganin girmana, ya dubi hannuna ya ce, "Malam, ina zarenka?" Na ce, "Ranka ya daɗe, tsinkewa ya yi a hanya." Ya ce, "Ka tabbata?" Na ce, "Wallahi tsinkewa ya yi." Na rantse da Allah a kan ƙarya, a gaban jama'a, da wannan muryar da suka saba gaskatawa. Kuma na ga alamar zai yarda, har ya ɗauko takardar. Sai Malam Buba ya matso yana haki ya ce, "Alhaji, akwai magana. Koriyar riga ɗaya na gani a tsamiya, ba biyu ba." Alhaji ya dubi Sabi'u, ga jan zare a hannunsa. Ya dube ni, babu. Malam Buba ya sake buɗe baki, "Amma ai wanda na gani..." sai wani ɗan kwamiti ya katse shi, "Buba, zare ne shaida, ka je ka sha ruwa." Alhaji ya juya ga Sabi'u ya ce, "Malam, abokinka ne, tare kuke gudu. Ka gan shi a tsamiya?"

Na dube shi hankalina a kwance. Na san zai ce i, magana ta mutu. Ga abin da ya ce, kuma ban canja kalma ɗaya ba, aikina ne riƙe magana yadda aka faɗe ta: "Ranka ya daɗe, ba na so in yi ƙarya. Tun da muka fita gari na bar shi a baya. Sai da nake dawowa na gan shi zaune a kan kwalbati yana murza ƙafa."

Jama'a, ya ɗauki zarena, sannan ya ba ni kwalbatinsa. Wani ya tuntsire da dariya, sauran suka ɗauka. Me ya hana ni magana a take? Na sha tambayar kaina. Minti ɗaya kafin nan na rantse cewa zaren tsinkewa ya yi. In na ce a'a, ba shi na yi, to na tabbatar da bakina cewa rantsuwar ƙarya na yi, kuma da ni aka haɗa baki aka cuci Malam Buba. Ga takwarana ya ruƙunƙume ƙafar babansa yana tsalle. Aka ba Sabi'u keke da buhun taki biyu. Aka ba Malam Buba bokitin roba da sabulu.

Tun daga ranar sunana ya zama Malam Kwalbati. A teburin mai shayi ana ce mini, "Malam, a kawo kujera ko kwalbati za ka hau?" Ina dariya tare da su, me zan yi? Amma ba dariyar ce ta fi ci mini rai ba. Ɗaurin aure biyu aka yi a layinmu, ba a kira ni riƙe lasifika ba. Matata ta tambaye ni sau ɗaya, "Malam, da gaske ba ka je ba?" Na ce na je. Ta ce to, ba ta sake tayar da maganar ba, kuma na san bai wuce mata ba.

Bayan kwana uku da gasar na hau mota na je Kurfi, na same shi bayan la'asar yana goge keken a ƙofar gida. Na ce, "Sabi'u, me na yi maka?" Ya ce, "Haba ɗan'uwa, gudu ne fa, ba aikin Hajji ba." Na ce, "Cewa ka yi tafiya za mu yi." Ya ce, "Ƙafar ce ta saki, in tsaya ina kallonta? Kuma Bafulatanin nan ne ya ɓata komai, da bai yi magana ba da an wuce wurin. Ka duba ka gani, ni malami ne. In aka ji, da wane ido zan kalli yara a aji? Kai kuwa bakinka ya ishe ka, kwana biyu an manta." Sai ya leƙa gida ya ce a kawo wa Baffan yara fura. Ban sha ba. Tun daga ranar bai sake zuwa gudun Asabar ba, ni ma ban neme shi ba.

Da abin ya tsaya nan da wataƙila na haɗiye. Amma watan jiya na je kara, wato kasuwar shanu, na yi kiciɓis da Malam Buba yana tsaye kusa da wasu 'yan maruƙa. Na so in kauce, ya riga ya gan ni. Muka gaisa, ya tambayi iyali. Sai ya ce, "Malam, ni na san kai ne a gabana a tsamiya." Na ce, "Ya aka yi ka sani? Ai rigunanmu iri ɗaya ne, kuma bayana ka gani." Ya yi murmushi ya ce, "Tun ina yaro bayan shanu nike bi. Daga baya nike gane abu. Kai ƙafarka ta hagu waje take fita in ka gaji. Wancan ba haka yake gudu ba." Na ce, "To me ya sa ba ka faɗa ba?" Ya ce, "Na faɗa, aka ce in je in sha ruwa. Ni ba a jin maganata. Kai da ake jin taka, mi ya hana ka?" Bai ɗaga murya ba, bai nemi komai ba. Ya juya ya ci gaba da cinikinsa. Ban san yadda na fito daga karar ba.

Yanzu gasar bana ta matso. Kwamiti ya naɗa Sabi'u ya shugabanci masu kula da zare, wai a matsayinsa na zakaran bara kuma mutum mai gaskiya. Sun kuma kafa sabuwar doka: wanda aka taɓa kamawa da yanke hanya ba zai sake shiga ba sai ya zo gaban kwamiti ya ba da haƙuri. Mutum ɗaya ne wannan dokar ta shafa a duk faɗin garin. Shekaranjiya Sabi'u ya zo gidana, karon farko cikin shekara guda, a kan keken. Ya zauna a zauren da muke shan koko ya ce, "Ɗan'uwa, ka zo ranar Asabar, kalma biyu kawai, ka ce kuskure ne. Ni zan tsaya maka, na riga na yi wa Alhaji magana, na ce mutumin kirki ne kai, shaiɗan ne." Na daɗe ina kallonsa ina neman ko da ɗigon kunya a fuskarsa. Ban gani ba. Ina jin ya maimaita labarin har shi ma ya yarda da shi.

To ga inda nake. In na je na ba da haƙuri, na sa hannu a kan ƙaryarsa har abada, kuma na sake cutar Malam Buba a karo na biyu. In na ƙi zuwa, shirun nawa ma amsa ce. In kuwa na je na faɗi gaskiya, dole in fara da kaina: ni na cire zaren, ni na rantse da Allah a kan ƙarya. Mutumin da ya amsa cewa ya yi rantsuwar ƙarya, wa zai yarda da sauran maganarsa? Shaidata ɗaya ce, mutumin da aka riga aka ce ya je ya sha ruwa. Ko da an yarda da ni, zan tona asirin malami a gaban ɗalibansa, in kuma kunyata uban yaron da ke amsa sunana. Na yi istigfari a kan rantsuwar, amma na san haƙƙin Malam Buba ba istigfari ke sauke shi ba. Kuma ina tsoron wani abu a zuciyata: shin don Malam Buba nake son yin magana, ko don in ga Sabi'u ya ɗanɗana abin da na ɗanɗana?

Har yanzu ina fita gudu kowace Asabar, ni kaɗai. Ina wuce kwalbatin, in kewaye tsamiyar, ba mai zura mini komai, in dawo. Wannan Asabar ɗin ƙarfe goma kwamiti zai zauna, kuma an ce an ajiye mini kujera.

Don Allah jama'a, me zan yi?